Turbar Keke Na Nan a Bayan Birnin Kudu, Kada a Mai da Ita Kwangila

Da na je gida bayan an gama yankan gero, na ari keken kawuna, wani tsohon Raleigh da sirdinsa ya sha ɗauri da roba, na fita da sanyin safiya na nufi bayan gari. Ban yi nisa ba wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya tsayar da ni. Muka gaisa, ya dubi keken, ya dube ni, sannan ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, lafiya dai ko? Ina motar?" Na ce, "Tana gida, Baba, motsa jini na fito." Ya jinjina kai ya ce, "To, Allah ya rufa asiri," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje idan ya yi asara.

Ban ga laifinsa ba. A wurinmu keke abin hawan wanda bai kai ga babur ba ne. Da ba haka abin yake ba, iyayenmu sun ga zamanin da malamin makaranta ko malamin gona kan shigo ƙauye a kan sabon Raleigh yara na bin sa a guje. Babur ya zo ya ture shi. Ko da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu suka kai wa mai gyara, dole ce ta sa, kuma kowa jira yake ya samu sarari ya jingine shi.

Amma ga abin da na gani a wannan safiya. Kana barin kwalta sai turba ta karɓe ka, siririya, ƙafafun mutane da na jakuna sun daddaɓe ta ta yi ƙarfi kamar daɓe. Hagu da dama karan dawa ne da bai kai ga yanka ba, can gefe an jera dammunan gero. Sai ka faɗa rairayi, tayar baya ta fara rawa, dole ka sauka ka tura. Ka fita daga nan ka hau fako, keken ya yi ta gudu da kansa. Gaba kaɗan duwatsun su taso maka, manya a kan ƙanana, wasu kamar da hannu aka ɗora su, kuka ta tsiro a tsakaninsu. Na jingine keken na hau wani falalen dutse. Daga sama kana ganin gonaki har iyakar ganinka, da hayaƙin girkin safe a rugage, da garken shanu yana bin burtali. Na shekara fiye da ashirin ina wuce wurin nan a mota, gilashi a rufe, ban taɓa sanin haka yake ba.

Kuma duwatsun Birnin Kudu ba kamar sauran duwatsu ba ne. A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu suka bari, ga kuma duwatsun kiɗa waɗanda in ka buga su da ɗan dutse suke amsawa kamar ƙarfe. Tun a shekarun 1950 masu binciken tarihi suka rubuta labarinsu, suna kuma cikin wuraren tarihi da ke ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ka tambayi ɗalibai goma a Dutse, garin da bai kai tafiyar awa guda daga nan a mota ba, ka ji nawa ne suka taɓa zuwa.

A wasu ƙasashe irin wannan wuri abinci ne. Hawan keke a duwatsu ya faro ne a shekarun 1970 a Kalifoniya ta Amurka, inda wasu samari suka riƙa gangarowa daga kan tsauni da tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. Wasan yara aka ɗauke shi, sai ga shi a 1996 ya shiga gasar Olamfik a Atalanta. Mu dawo Afirka. Ruwanda tana da hanya mai tsawon kilomita sama da 200 a gefen tafkin Kivu, baƙi na bin ta a keke suna kwana a garuruwan da ke kanta, kuma a 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar. Barkina Faso, wadda zafinta da ƙurarta irin namu ne, tun 1987 take gudanar da gasar zagaye ƙasa a keke. Mu kuwa, da Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a Olamfik ɗin Faris a 2024, sai da 'yan Jamus suka ara mata keken da ta shiga wasu daga cikin tseren da shi.

To a nan ne nake jin tsoron alƙalamina. Na san halinmu. Da wani mai muƙami zai karanta wannan ya ji ya burge shi, abu na farko da za a yi shi ne kafa kwamiti, sai a fitar da kwangilar katanga da babbar ƙofa da ɗakin sayar da tikiti, a yanka zare, a ɗauki hoto. Damina biyu, akuya ce za ta riƙa kwana a ɗakin tikitin. Mun ga otal ɗin Bagauda da aka gina don masu yawon buɗe ido, yau makarantar horar da lauyoyi ce. Na Tiga kuwa shekaru ya kwashe a yashe. Gini muka iya, riƙo ne ya gagare mu.

Turbar keke ba ta bukatar siminti. An riga an gina ta, kuma waɗanda suka gina ta suna nan da ransu: manomin da ke bin ta da taki a kan jaki, da Bafulatanar da ke kawo nono kasuwa, da yaran da ke zuwa makaranta. Tasu ce. Duk wanda zai shigo da keke mai giya da hular kwano baƙo ne, kuma baƙo da sallama yake shiga. Don haka aikin farko na dagaci da masu unguwanni da arɗo ne, su zauna da samarin gari a faɗi inda za a bi da inda ba za a bi ba. Ba a ratsa gonar mutum kafin ya kwashe amfaninsa. In ka haɗu da garke a burtali, kai ne za ka sauka ka ba su hanya. Ba a ɗaukar matan mutane hoto a bakin rijiya. Ba a taɓa zanen da ke jikin dutse, balle a rubuta suna da gawayi a kusa da shi.

Abin da ya rage ƙanana ne: fenti a jikin dutse ko itace da zai nuna kwana, taswirar da kowane matashi mai waya zai iya zanawa, da 'yan rakiya daga cikin samarin ƙauyukan, waɗanda suka san inda ƙasa ke zaftarewa da inda maciji ke shan hantsi. Kuɗin da baƙo zai kashe kai tsaye zai faɗa hannun mai shayi, da mai fura, da ɗan rakiya, da mai faci. Ƙaramar hukuma in tana son sa hannu, ta hana masu fasa dutse matsowa kusa da wuraren tarihin, ta kuma hana a ci gaba da cinye burtali da noma. Waɗannan biyun sun fi ƙarfin samarin gari, kuma su ne ba a iya gyarawa in sun lalace.

Wani zai ce ana fama da abin kai wa baki kana zancen yawon keke. Gaskiyarsa. Ba na cewa wannan zai ciyar da ƙaramar hukuma, kuma ban sa ran ganin Turawa sun yo dafifi ba. Mutanen da nake hange na kusa ne: ma'aikatan Dutse, da ma'aikatan asibiti da malaman makarantun Birnin Kudu, da 'yan Kano masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su motsa jiki suka rasa inda za su yi, don hawa keke a titin Zariya ko na Haɗeja sai wanda ya shirya wa 'yan adaidaita. Kekunan gwanjo masu giya kuwa sun cika kasuwa. Maganar tsaro ma tana nan, shi ya sa ba zan ba kowa shawarar ya kama hanyar dajin Falgore ba sai ya tambayi mutanen yankin, kuma ko a ina ne a tafi a ƙungiya, a dawo kafin la'asar sakaliya.

Lokacinsa ma gajere ne. Da damina ciyawa ta rufe turba, kwari ya cika da ruwa. Daga Maris rana ba ta barin kowa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ne abin yake daɗi, in ka jure ƙurar hunturu da tsagewar leɓe.

Ni dai a ranar ban dawo a kan keken ba. Tsidau ya huda min tayar gaba a wuri uku, na turo shi har bakin titi inda wani yaro mai faci ke zaune a gindin darbejiya. Ya zare tib ɗin, ya tsoma a kwanon ruwa yana neman inda ke kumfa, ya tambaye ni daga ina. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai ba ta nan ake bi ba. Da ka tambaye ni, akwai wata ta bayan dutsen, babu ƙaya ko ɗaya, kuma ta fi kyan kallo." Mun yi da shi in na dawo hutun ƙarshen shekara zai rufe rumfarsa da safe ya kai ni, ni kuma in zo masa da sabon famfo daga Kano.