Yadda Azurfa Ta Kori Mawaƙi Daga Kunnena

Hedifon ɗina bai taɓa yi mini laifi ba. Shekara huɗu muna tare, ko tari ban taɓa jin ya yi ba. Wayarsa ce kawai ta ɗan tsage a wuyan fulogi, tsagar da guntun salatif zai rufe a wuce wurin. Amma ni Allah ya jarabce ni da wata cuta: in na karanta abu da daddare, kafin asuba na zama malaminsa.

Abin da na karanta a daren shi ne, duk cikin ƙarafan duniya babu wanda ya kai azurfa iya wucewa da lantarki. Wannan gaskiya ce har gobe. Layin da ke ƙasa kuwa, wanda ya ce fifikonta a kan jan ƙarfe bai wuce kamar kashi 6 cikin ɗari ba, idona ya kauce masa yadda wanda ake bi bashi ke kauce wa ƙofar mai binsa. Na kwanta ina jin takaicin shekara huɗun da na yi ina shan kiɗa ta cikin jan ƙarfe kamar marar gata.

Washegari aka shiga zaɓen wayar azurfar da zan haɗa wa hedifon da hannuna. Akwai jan ƙarfen da aka yi wa wankan azurfa ta waje. Wannan na raina shi nan take, na ce ba na harka da mai fuska biyu. Akwai azurfar da ake kira 4N, wato tsarkinta kashi 99.99 cikin ɗari, tara huɗu a jere. Akwai kuma mai haruffan OCC, wata dabarar zubin ƙarfe ce ta wani farfesa ɗan Japan, Atsumi Ohno, da ya fito da ita a shekarun 1980, inda ake zuba narkakken ƙarfen ta cikin mazubi mai zafi don ya daskare ba tare da gaɓoɓi da yawa a cikinsa ba. Kwana biyu ina maimaita sunan mutumin nan a gida kamar tare muka yi makaranta.

Sai na ci karo da wata mai lamba 925, kuma ta fi sauran sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Na yi lissafi irin nawa: 925 ai ya ninka 99 har sau tara da ɗoriya. Na yi wa masu sayen 4N dariyar tausayi. Wajen kauri kuma na ga ana auna shi da lambar AWG, ni kuwa siririya nake so mai laushi, don haka na zaɓi ƙaramar lamba, 18.

Ranar da kayan suka iso na buɗe, sai ga wata sandararriyar waya mai kaurin milimita ɗaya, tsirara, ko rigar roba babu. Ashe a ma'aunin AWG abin a baibai yake, lamba na ƙaruwa waya na sirancewa. Ita kuma 925 ɗin nan nufinta kashi 92.5 azurfa, sauran gauraye ne, yawanci jan ƙarfe, kuma garwayen nan ya sa ba ta ma kai jan ƙarfe tsantsa ɗaukar lantarki ba. Ta maƙeran zobe ce da 'yan kunne.

Uwargida ta ɗauke ta ta juya a hasken taga, ta ce, "Maigida, ashe kana tunawa da ni."

Ban musa ba. Wane ni.

A zagaye na biyu na yi hankali: 4N, lamba 26, tilon zare cikin rigar wata irin roba da ake kira Teflon, mita biyar. Tsarin shi ne in yanka gida huɗu in kitsa su wuri guda, ɗaya na hagu, ɗaya na dama, biyu na komawar wuta. A hoto kitson nan kamar wasa. A hannuna kuwa, Teflon santsi gare shi kamar sabulu, ga taurin kai. Ka danne wannan, wancan ya miƙe ya tsokane maka hanci. Na ɗaure bakin a hannun ƙofa, na yi awa biyu ina ja da baya, na samu wani abu mai kama da igiyar da akuya ta tauna. Uwargida ta gaji da kallo, ta ce in matsa. Minti goma sha biyar ta gama, tana yi tana hira. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne kitso yana cin tsawo.

Sai soda, wato liƙa wayar a jikin fulogi da narkakkiyar dalma. A nan ne na gano cewa azurfa ba a lantarki kaɗai ta yi zarra ba, har wajen kai zafi ma ita ce gaba a ƙarafa. Na riƙe feraren bakin wayar da yatsa biyu, na ɗora mata ƙarfen soda, kafin dalmar ta yi tunanin narkewa saƙo ya riga ya iso babban yatsana. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Da na dawo daga tsoma hannu a ruwa na ƙarasa haɗin guda uku, na ɗaga ina yaba wa kaina, sai idona ya faɗa kan murfin fulogin yana zaune a kan tebur abinsa. Shi kuwa tun kafin a fara soda ake zura shi a jikin waya. Na yanke, na sake. Karo na biyu na tuna da murfin, na manta da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Na yanke, na sake.

Wayar da aka yi niyyar ta kai mita 1.2 ta ƙare a santimita 80 da 'yan kai. In zan ji kiɗa a kwamfuta sai na rusuna mata kamar na zo neman alfarma.

Amma da na kunna, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Sautin ya buɗe, ya yi faɗi, kamar an ɗauke bangon ɗakin. Wasu ƙananan kayan kiɗa da ban taɓa sanin suna cikin waƙar ba suka fito fili, wannan can gefe, wancan can bayan ƙeya. Muryar mawaƙin ta koma can nesa, siririya, kamar daga ƙasan rijiya, gangar ma ta yi sanyi. Na ce to, haka masu waƙar suka nufa tun asali, jan ƙarfe ne ya yi ta yi mini ƙarya. In na motsa wuya kuma wayar ta gogi kwalar riga, sai in ji ƙwas-ƙwas har cikin ƙwaƙwalwa, saboda taurin Teflon da tilon zare. Wannan ma na ba shi uzuri, na koyi zama kamar gunki.

Kwana uku ina cikin wannan ni'ima kafin na kira wani abokina mai gyaran kayan lantarki, ba don ya duba ba, don ya yi hassada. Ya sa a kunne, ya yi shiru na daƙiƙa goma, ya cire.

"Mutumina, ina mawaƙin?"

Na ce yana nan, azurfa ce ta ba shi fili.

Ya kwance murfin fulogin ya miƙo mini. Zare biyun nan na komawa suna lilo a iska, ɗan dunƙulen dalma na maƙale a bakinsu kamar ƙwallon hawaye. Tsoron ƙuna ya sa na riƙa ɗage ƙarfen da wuri, dalmar ta narke amma gindin fulogin bai yi zafin da za ta kama shi ba. Ya zana mini a bayan takarda: fulogi mai milimita 3.5 gida uku ne, kan na hagu, zoben tsakiya na dama, gindin kuma hanyar komawa ce ta su biyun. In hanyar nan ta yanke, abin da ya bambanta hagu da dama kaɗai ke isa kunne. Duk abin da aka ajiye a tsakiya daidai wa daida, irin muryar mawaƙi da babbar ganga, sai ya cinye kansa. Amsa-kuwwa da tarkacen gefe na kwana uku ina yi wa kirari.

Minti biyu ya gyara. Mawaƙi ya dawo gida. Hedifon ya koma sak yadda na san shi shekara huɗu.

Na ce ai duk da haka akwai bambanci, sai mai kunne. Ya sake jawo takardar. Mita ɗaya na jan ƙarfe mai lamba 26 turjiyar da yake yi wa lantarki, wadda ake aunawa da ohm, wajen 0.13 ce, azurfa kuma ta rage kamar 0.01 daga ciki. Hedifon ɗin kansa ohm 32 ne. Ya ce in ɗebi ƙaramin cokali ɗaya daga cikakken bokitin ruwa, sannan in ɗaga in gaya masa ko ya yi sauƙi. Ko mitarsa ta awo ma, in ji shi, wayoyinta biyu sun fi wannan bambancin turjiya.

Ban yarda ba, na nemi gwaji. Aka ɗaure mini ido da ɗankwali, na ƙame don kada kwalar riga ta tona asiri, uwargida na canja waya ta bayana. A karo na shida na buga tebur na ce, "Yauwa! Ga ta nan! Ku ji yadda saman ke walƙiya!"

Shiru. Sai na ji abokina yana neman numfashi.

Uwargida ta ce, "Maigida, tun na farko ban canja komai ba. Tsohuwar ce, mai tsagar nan."

Yanzu tsohuwar na jikin hedifon da salatif a wuya. Ta azurfar na cikin aljihun tebur, feraren bakinta har ya fara baƙi don na ɗaure ta da robar ɗaure kuɗi, ashe ƙibiritun cikin roba na sa azurfa dusashewa. Mai lamba 925 kuwa an lanƙwasa ta ta zama awarwaro biyu, kuma ita kaɗai ce a duk harkar nan ke aikin da aka yi ta dominsa.

Jiya da dare uwargida ta zauna kusa da ni tana kaɗa su, ta ce ita fa ta ji an ce zinariya ta fi fitar da sauti. Na gyara zama na yi mata bayani tsaf cewa zinariya ba ta ma kai jan ƙarfe ɗaukar lantarki ba, ana shafa ta a fulogi ne kawai don ba ta tsatsa.

Ta ce, "Ka dai gwada, Maigida. Mita uku. Mai lamba 18."