Wannan Bencin Ya Gama da Bayana

Shekara shida ke nan ina ɗinki a wata ƙaramar masana'antar kayan makaranta a Sharaɗa, kuma wallahi yanzu in na yi ruku'u sai na dafa bango nake ɗagowa. Shekarata talatin da ɗaya fa! Kakata da ta haura saba'in ta fi ni miƙewa.

Da na yi magana, Hajiya mai wurin cewa ta yi wai sanyi ne, in nemi jiƙo. Haba Hajiya! Wane irin sanyi ne zai kama mu mu goma sha huɗu a wuri guda, ƙugu da wuya da kafaɗar dama? Bencin nan ne na katako, ba majingina, ba ko tsumma a kai, da muke dasa kanmu tun takwas na safe har a kira magariba. Teburin keken ya yi ƙasa, ƙwan fitila biyu ne kacal a ɗakin, dole ki duƙa ki kai ido bakin allura. Wuya a lanƙwashe wuni guda. In aka ɗauke wuta kuwa sai a ce mu koma kan tsofaffin Butterfly na takawa, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a tada janareta sai aiki ya kai wuya. Nan gwiwa da ƙwauri su ma su karɓi rabonsu.

Albashi? Naira 70,000 ɗin da aka ce ita ce mafi ƙaranci tun 2024, a rediyo muka ji ta. Mu abin da kika ɗinka shi ake ƙirga miki. To wa za ta tashi ta miƙe ƙafa? Fitsari ma riƙe shi muke. Ku zo ku gan mu a watan Agusta, ana shirin komawa makaranta: riguna jibge, Hajiya a tsaye a kanmu tana duba agogo. Ɗinki ya ɗan karkace, a daka miki tsawa gaban yara 'yan koyo, ki farke, sannan a zaftare a kuɗinki. Ni har a barci ƙarar keke nake ji.

Kowacce da Diclofenac da man zafi a jaka kamar goro. Biyu daga cikinmu gyambon ciki ya riga ya kama su.

Da yatsuna uku suka fara mutuwa cikin dare, na tattara kuɗin adashi na je Asibitin Ƙashi na Dala. Likita ya ce jijiya ce ta danne a wuyan hannu, in samu kujera mai majingina, in riƙa tashi ina motsa jiki lokaci-lokaci. Na kai wa Hajiya takardar. Ko karɓa ba ta yi ba.

"In kin gaji ga ƙofa nan. Mata nawa ke roƙona aiki?"

Na koma na zauna a bencin, me zan yi? Jiya da daddare autata ta miƙo hannu in goya ta, na ce ta je wajen yayarta.