Ranar da Dutsen Guga Ya Ƙi Sakina

Ni dai a wurina kiran mai gyaran wuta asarar kuɗi ne. Wayar dutsen gugarmu ta daɗe da ɓarewa, har jan ƙarfen ciki yana leƙowa, na naɗe wurin da leda na ce an gama. Matata ta yi magana har ta gaji.

Ranar da abin ya faru, fitowata daga wanka ke nan, ko goge jiki ban yi ba, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, na jona guga ina sauri. Ashe ledar ta zame. Ina kai hannu in gyara wayar sai na ji kamar an sako mini taron zuma cikin jijiya, daga yatsa har kafaɗa. Na ce wa hannuna saki, ya ce bai san zancen ba, sai ma ƙara damƙewa da ya yi. Ihu ya maƙale a maƙogwaro, haƙora sai kaɗawa.

Allah ya taimake ni matata ba ta kama ni ba, da mu biyu za mu taka rawar. Na tare hanyar soket ɗin, don haka ta rarumi busasshiyar sandar katako ta maka wa hannun, waya ta faɗi. Sannan ta ƙara mini ɗaya a gadon baya. Har yau ta dage wai ta biyun ma ta ceto ce.

Na ce lafiyata lau, ɗan tabo ne kawai a tafin hannu. Ta ce, "Maigida, tashi mu tafi asibiti." Likita ya auna bugun zuciyata, yana yi yana mini karatu. Busasshiyar fata, in ji shi, tana iya tare wuta da ƙarfin om 100,000 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke hana wuta wucewa), amma in ta jiƙe sai ta faɗo wajen 1,000, wato ni da kaina na buɗe wa wutar ƙofa. Miliamfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 10 zuwa 20 sun isa su ƙulle hannu, domin tsokar da ke dunƙule yatsu ta fi mai buɗe su ƙarfi. Idan kuma wajen 100 suka ratsa ƙirji, zuciya na iya rikicewa ta daina harba jini.

"Kuma Malam, kada ƙanƙantar tabon nan ta ruɗe ka. Wuta takan ƙona nama ta ciki, waje yana nan sumul."

Washegari na kira mai gyaran da nake gudu. Ya canza wayar, ya sa mana na'urar da ke katse wuta da kanta da zarar miliamfiya 30 sun kauce hanya. Yana tattara kayansa ya tsinci ledar, ya ɗaga ta sama.

"Wane yaron ne ya yi wannan aikin?"

Matata ta juyo ta zuba mini ido. Na ce wani ne, amma ya tashi daga unguwar.