Adadin bishiyoyin da aka dasa bai isa hujja ba

Na karanta wani labari da ke yabon kamfanonin katako da na kwali saboda rahoton kula da muhalli da suke miƙa wa masu zuba jari, amma ina ganin an tsaya a kan adadin bishiyoyin da aka dasa, alhali shi ne lissafin da ya fi sauƙin yi wa kwalliya. A Brazil, gonar itacen turare da ake sarewa bayan kimanin shekara bakwai domin yin takarda ba daji ba ce, ko da kuwa ta yi kore shar a bangon rahoto. A Finland ma, duk da yawan dazuzzukanta, alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 2021 ɓangaren amfani da ƙasa, wato dazuzzuka, gonaki da sauran filaye, ya koma fitar da iskar kabon fiye da yadda yake shanyewa, kuma yawan sara yana cikin dalilan.

Abin da mai saka kuɗinsa ya kamata ya nema shi ne takamaiman wurin da aka saro itacen. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan hana share dazuzzuka ta tanadi hakan, ta kuma haramta kayan da suka fito daga dajin da aka share bayan 31 ga Disamba 2020, sai dai an ɗage fara aiki da ita. Da marubucin ya tambayi kamfanonin wane mai bincike na waje ne ya tantance alƙalumansu, da labarin ya fi amfani.