An hana rigar yaye, wa zai hana sayen furojet?

Tun da gwamnatin Jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a watan Agustan 2025, wasu jihohi kuma suka bi sahunta, iyaye ke ta sa albarka. Suna da gaskiya. Babu dalilin ɗora wa uba kuɗin riga da hula da hoto da kek don kawai ɗan shekara biyar zai tashi daga wannan aji ya koma na kusa da shi. Sai dai murnar ta rufe mana ido ga wata ɓarna da ta fi fatin illa, wadda sau da yawa a takarda ɗaya ake aiko wa iyaye da ita: abin da makarantu ke kira furojet na ƙarshen shekara.

Duk mai yaro a makarantar kuɗi ya san yadda ake yi. Saura mako biyu a yi hutu, malami zai ce kowa ya kawo gidan kwali, ko fanka mai batir, ko taswirar Nijeriya da aka manna wa hatsi. Yaro ya kai saƙo gida. Uba ya kai wa kafinta ko mai gyaran rediyo, bayanin da za a haɗa da shi kuma a je shagon kwamfuta a sauko da shi daga intanet, a buga, a yi masa bango. Ranar baje koli a jera kaya a tebur, manyan baƙi su zaga, a raba maki. Wanda ubansa ya fi sakin hannu shi ne na ɗaya. Ka tsayar da mai fankar ka tambaye shi abin da zai faru idan aka juya kan batirin, ka ga yadda zai yi zuru.

Fatin yaye kuɗi kawai yake ci. Wannan kuwa bayan kuɗin, yana koya wa ɗan shekara tara cewa halal ne mutum ya sa sunansa a kan aikin wani ya karɓi tafi, kuma a gaban malaminsa da iyayensa ake yi, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Mu ne kuma za mu zo muna salati idan ya girma ya sayi furojet ɗin kammala jami'a. Masu makarantun da ke cewa aikin yana ƙara shaƙuwa tsakanin yaro da iyayensa, sai su gaya mana tun yaushe kafintan bakin titi ya zama uban yaron.

Tushen matsalar lokaci ne da kuma yadda ake ba da maki. Zango na uku shi ya fi kowane cunkoso: ga WAEC, ga NECO, ga jarrabawar shiga sakandare, a 'yan shekarun nan ma Babbar Sallah a cikinsa take faɗowa. Sai a tura aikin can ƙarshe, lokacin da ba abin da yaro zai iya yi da hannunsa ya kammala. Makin kuma a kan kyan abin da aka ajiye a tebur ake ba da shi, babu mai tambayar yadda aka yi aka kai nan. Muddin haka ake auna aiki, mai saye zai ci gaba da kayar da mai yi.

Abin takaicin shi ne zangon nan ya fi kowane dacewa da aiki na gaske. Ana buɗe shi cikin zafin bazara, a rufe shi damina ta kankama. Ɗauki renon zogale. Aji mai yara 60 a kasa su goma, kowane rukuni yara shida da ledar fiya wata 20 da suka tsinto da kansu, leda 200 ke nan an raba titi da su. A yanke bakin leda, a huda gindinta wuri uku ko huɗu. A cika ta da ƙasar noma kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya. A sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin santimita biyu, a jera a inuwar bishiya ko ƙarƙashin zana. Jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi ledojin duka a shayarwa guda. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su tsiro, a cire mai rauni a bar ɗaya, cikin mako huɗu zuwa shida sun isa dashe. Idan an fara a mako na biyu na zango, dashen zai zo daidai da zaman ruwa.

Karatun yana cikin abin da zai lalace. Ledar da ba a huda ba ruwa zai kwanta a cikinta, saiwar ta ruɓe, domin zogale ba ya son jiƙa. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Wanda aka bari ya wuce mako shida a 'yar ledar nan saiwarsa za ta naɗe, ko an dasa ba zai yi ƙwari ba. Ajin da ya zaɓi darbejiya ya shuka irin da ya kwana biyu a ajiye zai sha jira, don irinta 'yan makonni kaɗan yake yi ya mutu, kuma renonta ya fi na zogale daɗewa. Kowane rukuni ya riƙe littafi: ranar shuka, nawa suka tsiro, tsawon tsiro da rula duk ranar Litinin. Rukunin da 17 cikin 20 suka tsiro masa ya lissafa da kansa ya ga kashi 85 cikin ɗari ne. A bar rabin ledojin babu taki, yara su gwada tsawon waɗannan da waɗancan, sun yi gwajin kimiyya ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. A kan littafin nan ya kamata a ba da maki, da kuma tambayoyin da malami zai yi wa kowane yaro baki da baki. Rukunin da shukarsa ta mutu amma ya iya faɗin abin da ya kashe ta ya cancanci maki fiye da wanda tasa ta yi kyau bai san dalili ba.

Makarantar da ba ta da ruwan shayarwa ma tana da abin yi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, ya zama ma'aunin ruwan sama. Duk safiyar da aka yi ruwa a tsoma rula a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin aji mai mita takwas da mita bakwai, idan aka yi ruwan milimita 20, ya zubar da lita 1,120, kusan jarka 45, a makarantar da watakila mai ruwa take jira kullum. Yaron da ya fitar da wannan lissafi da hannunsa ba zai manta da darasin faɗin fili ba. Masu cewa makarantun gwamnati ba su da kuɗin furojet su faɗi nawa ake sayar da tsohon gwangwani.

Ɓangaren da ake kira hidimar al'umma shi ya fi ɓata rai. An mayar da shi ɗaukar hoto. A fito da yara da tsintsiya da sabbin riguna, a share gaban gidan mai unguwa, a dasa bishiya biyar a gefen titi, a watsa a Facebook, a tafi dogon hutu. Ruwan Agusta zai riƙe bishiyoyin, shi ya sa ake zaton an yi nasara. Mutuwarsu tana zuwa daga Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, aka saki dabbobi, gara ta taso. Akuya ɗaya ta isa ta gama da su da hantsi. Dashe ba shi da wuya: rami mai zurfin santimita 40, a yage ledar ba tare da fasa ƙasar ba, a dasa da yamma. Wuyar tana ga shingen ƙaya ko na tsohon bulo, da bokitin ruwa sau biyu a mako har rani ya wuce. Manoman Maradi da suka farfaɗo da itatuwan gonakinsu tun daga shekarun 1980, da kare tohon kututture suka yi shi, da hana sara da hana dabba. Saboda haka kowace shuka a ba ta gida da sunan mai ita, a rubuta, shugaban makaranta ya zauna da mai unguwa da kwamitin kula da makaranta tun kafin a cika leda ko ɗaya, kuma ajin da ke biye ya fita a watan Afrilu ya ƙirga nawa suka rayu.

Haka batun yashe kwata. Tura yara cikin lambatu babu takalmin roba babu safar hannu, inda fasassun kwalabe da allurai suke, ganganci ne, kuma iyaye su daina yarda. Aikin yara shi ne su zaga layin makarantar su zana inda ruwa ke toshewa da abin da ya toshe shi, su kai wa mai unguwa. Shebur da baro na manya ne, a aikin gayya ko ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Kuma dattin da aka tara a bakin kwata ba a kwashe a ranar ba, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

A watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai darussan sana'a shida, ciki har da noman lambu, da kiwo, da haɗa sola, da gyaran waya. Da wane hannu yara za su koyi waɗannan, a makarantun da suka saba musu da cewa aikin hannu abu ne da ake biya a yi wa mutum? Idan ba a taɓa wannan ɗabi'a ba, abin da zai biyo baya a bayyane yake: za a fara aiko wa iyaye da takardar kuɗin furojet na sola, mai gyaran lantarki na unguwa ya samu sabon ciniki.

Kwamishinonin da suka iya fitar da takarda a kan rigar yaye za su iya ƙara layi biyu a ƙasanta: kada a karɓi kuɗin furojet, kuma kada a ba da maki ga abin da ba a cikin makaranta aka yi shi a gaban malami ba. Jami'an sa ido idan sun zo su wuce teburin baje koli, su nemi littafin yara su duba kwanan watan da ke shafin farko.