Masana'anta ta rufe, amma rafin bai huta ba

Jama'a akwai wata magana da nake yawan ji duk sanda aka taso da zancen gurɓatar ruwa, sai ka ji mutum ya ce ai kamfanin nan ya rufe tun tuni, bututun da yake zubo dagwalo a rafi ma an toshe shi, ga ruwa nan garau har kana hango yashin ƙasa, to me ya rage? Ni kuwa wallahi garau ɗin nan ne yake ba ni tsoro.

Rafi fa ba daga sama kaɗai yake shan ruwa ba. Ruwan sama ya sauka, ƙasa ta shanye wani, ya yi ta rarrafe ta cikin yashi da tsakuwa da tsagar duwatsu har ya ɓullo ta gindin rafin da gefunansa. Shi ya sa za ka ga an yi watanni babu ko yayyafi amma ƙorama na gudu abinta. To idan a kan hanyar ruwan nan akwai filin tsohuwar masana'anta, inda aka binne durom-durom na sinadari, ko tankin ƙarƙashin ƙasa ya yi shekaru yana yoyo ba wanda ya sani, ko aka tara dattin ma'adinai tsibi-tsibi aka tafi, duk abin da ya narke sai ya bi ruwan. Kuma tafiyar ta hawainiya ce, a wani wurin ko mita ɗaya ba ya ci a rana, a wani wurin ma 'yan mitoci ne a shekara guda. Wato gubar da aka zubar tun mai kamfanin yana saurayi tana iya isowa rafi bayan jikokinsa sun raba gado.

Wani abin ma ya fi ruwa nauyi, irin sinadarin TCE da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da shi, da kwaltar tsofaffin wuraren yin gas daga gawayin kwal. Nutsewa suke yi can ƙasa su kwanta, su riƙa sakin guba kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Ka kankare ƙasar sama ka shuka ciyawa ka gina gidaje, su ko a jikinsu.

Inda abin ya fi ƙona min rai shi ne ta inda gubar ke shigowa. Ta ƙasa take shigowa, daidai cikin tsakuwa da yashin gindin rafi, kuma nan ne ɗakin haihuwar rafin baki ɗaya. Nan kifaye da yawa ke binne ƙwai, nan 'ya'yan ƙwari ke zama wata da watanni kafin su yi fiffike, nan ƙananan halittun da ke cinye ruɓaɓɓen ganye suke. Su ne ke shan gubar da zafinta tun kafin ruwan sama-sama ya sirka ta. Sai ma'aikaci ya zo da kwalba ya ɗebi ruwa daga sama, watakila ma da damina lokacin da rafin ya cika ya batse, a kai ɗakin gwaji a ce lafiya lau. Eh lafiya lau ga kwalbar. Ƙwan da ke kwance cikin tsakuwa a tsakiyar rani, lokacin da kusan duk ruwan rafin na ƙarƙashin ƙasa ne kuma babu abin sirki, ba wanda ya tambaye shi.

Kada a ce tatsuniya nake. A Amurka, jihar Washinton, akwai Hanford inda aka fara aikin makamin nukiliya tun 1943 a bakin kogin Kolambiya. Sun yi amfani da sinadarin kuromiyam a ruwan sanyaya injinan nukiliyar wurin don kada bututu su yi tsatsa. An kashe injin ƙarshe a 1987, amma kuromiyam ɗin yana cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɓullowa ta gindin kogin, a yankin da kifin salmon ke zuwa yin ƙwai. Shekaru ke nan ana zuƙo ruwan da famfo ana tacewa ana mayarwa. A Ingila kuma, yankin Konwol, mahaƙar kuza ta Wheal Jane ta tsaya a 1991, aka kashe famfunan da ke janye ruwa daga ramin, ruwa ya cika shi, a Janairun 1992 ya ɓalle ya kwararo miliyoyin litoci na ruwa mai tsami da ƙarafa cikin kogin Karnon, har bakin teku ya koma ja-ja kamar tsatsa. Ka lura fa, rufewar ce ta jawo. Har yau ana tace ruwan wurin.

Ita tsatsar nan ko da babu guba a cikinta ta isa kisa, don kwanciya take yi ta toshe 'yan ramukan tsakuwa, iska ta daina shiga, ƙwai su shaƙe. Daga nan abin sai ya bi layi: ƙwarin da ba sa jure datti su fara ɓacewa, a bar jajayen tsutsotsi masu taurin rai, kifi ya rasa abinci ya ragu, tsuntsun da ke cin kifin ya canza sheƙa. Babu gawar kifi a saman ruwa balle a ɗauki hoto a sa a Facebook, shiru kawai rafin ke yi, kuma shiru ba ya tayar da hankalin hukuma.

Ra'ayina dai, duk mai son buɗe masana'anta ko mahaƙa a sa shi ya ajiye kuɗin gyara tun ranar farko, a hannun da ba zai iya taɓawa ba. Don in ba haka ba labarin ɗaya ne ko'ina, kamfani ya ci riba ya karye ko ya canza suna, gyara ya faɗo kan talaka mai biyan haraji. Amurka ma sai da abin kunyar Love Canal ya fashe a 1978, unguwa guda da makaranta a kan juji na sinadari, sannan ta yi dokar Superfund a 1980 don a kamo masu laifi su biya. Wasu za su ce wannan zai kori masu zuba jari. To ya kore su mana, wanda ba zai iya biyan kuɗin share dattinsa ba ai ribarsa ta bashi ce, kuma rafi ne ke biya.

Sannan masu gwaji don Allah a daina tsayawa kan kwalbar sama. A haƙa rijiyoyin gwaji tsakanin filin da rafin, a zuƙo ruwa daga cikin tsakuwar kanta, a zo da rani. Akwai ma gwajin da ba ya cin ko sisi: ka shiga rafin sama da tsohuwar masana'antar ka ɗaga dutse ka juya shi, za ka ga 'yan halittu na wutsil-wutsil, har da wani ɗan ƙwaro mai gina wa kansa gida da ƙwayoyin yashi yana jan abinsa. Sai ka gangara ƙasa da filin ka ɗaga wani dutsen ka ƙirga abin da ka gani.