Zamewar faifan baya ba kullum ke buƙatar tiyata ba

A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, da zarar hoton IRM (wato MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti) ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame, sai dangi su fara harhaɗa kuɗin tiyata. Ba haka abin yake ba. Yawanci ciwon da zamewar faifan ke jawowa, mai sauka ƙafa, yana lafawa cikin mako 6 zuwa 12, da magani da motsa jiki, domin jiki da kansa yana tsotse ɓangaren da ya fito.

Wani bincike a Holan a 2007, kan mutum 283, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi waɗanda aka ci gaba da yi wa magani saurin samun sauƙi, amma bayan shekara guda sakamakon ya zo ɗaya.

Inda ba a jira: fitsari ya tsaya ko yana zuba, tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa tana ƙara rasa ƙarfi. Mai irin wannan a ranar ake kai shi asibiti.